Ƙwayar Asfirin Ba Katanga Ba Ce

A kowane kemis ka leƙa daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, akwai wata 'yar ƙwaya da ta zama kamar goro a aljihun dattawa: ƙaramin asfirin mai miligiram 75, wanda aka fi sani da Vasoprin. Da zarar tsoho ya ce gabansa na faɗuwa, ko aka auna aka ga jininsa ya hau, sai a miƙo masa a ce, “Baba, riƙa shan wannan, yana tsinka jini.” Ya karɓa ya sa albarka, ya koma gida da zaton ya gina wa kansa katanga tsakaninsa da shanyewar ɓarin jiki. Ga mai ciwon da zan yi magana a kai, wannan katanga dangar kara ce.

Ciwon shi ne rikicewar bugun zuciya, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. A jikin mai lafiya aikinsu kamar lugude ne a bakin turmi: na sama su saki, na ƙasa su karɓa, ba mai shiga taɓaryar wani. In ciwon ya kama, ɗakunan sama sai su daina matsawa, su koma makyarkyata kawai. Jini ya kwanta a wani ɗan lungu na ɗakin hagu kamar ruwan kududdufi, ya daskare ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle, sai ya bi jijiya ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa. Mutum na tsakiyar alwala buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Mu kuma mu ce iska ta buge shi, mu tafi neman hayaƙi. Dogon binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 ya nuna cewa mai wannan ciwo ya ninka wanda ba shi da shi sau biyar wajen haɗarin shanyewar jiki.

To me asfirin ke yi masa? Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi aka auna su wuri guda a 2007, an ga asfirin na rage haɗarin da kusan kashi 20 cikin 100. Wafarin, maganin hana daskarewar jini na ainihi, yana rage shi da kusan kashi 64. A shekarar kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji a Birmingham ta Ingila kan tsofaffi masu shekara 75 zuwa sama, aka ga zubar jini mai tsanani kusan ɗaya ce tsakanin masu shan asfirin da masu shan wafarin. Wato haɗarin yana nan, kariyar ce ta yi ƙaranci. Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta daina ba da shawarar asfirin don wannan aiki. Yana da nasa muhalli, misali ga wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, kuma wanda likita ya ɗora a kai don haka kada ya ajiye. Amma nan ba gonarsa ba ce.

Na san amsar da za a ba ni: da babu gara ba daɗi. Wannan karin maganar ce nake yaƙi da ita. Wanda ya san ba shi da magani yana ci gaba da nema. Wanda aka ba na jabu ya daina. Na ga haka a danginmu: kawuna ya shekara yana haɗiyar 'yar ƙwayarsa kowace safiya bayan sallar asuba, ba fashi, kuma duk wanda ya auna masa jini a wannan shekarar bai ɗora yatsa a wuyan hannunsa ya saurari bugun ba. Yanzu sai an kwantar, an tayar.

Akwai kuma tsoron da ake cusa wa mutane, wai wafarin maganin ɓera ne. Gaskiya ne, da sunan gubar ɓera ya fara shiga kasuwa a 1948. Tarihinsa ma makiyayan Zurmi za su fi kowa gane shi: a shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada, aka bi diddigi aka gano ruɓaɓɓiyar ciyawar da suke ci ce. Daga nan masana a jami'ar Wisconsin suka zaƙulo sinadarin. A 1954 aka amince da shi ga mutane, a 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ya yi ciwon zuciya. Abin da ya raba guba da magani awo ne.

A nan ne masu adawa da ni ke da hujja, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Wafarin na buƙatar gwajin jini mai suna INR a kai a kai, a tabbatar lambar na tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, jini ya daskare. Ya yi sama, jini ya ɓalle. Kuma magani ne mai saurin fushi. Flagyl da Septrin na ƙara masa ƙarfi, maganin tarin fuka na rifamfisin na kashe masa ƙarfi, diclofenac da ake sha kamar alewa na buɗe ƙofar zubar jini a ciki. Zogale da alayyahu ba haramun ba ne gare shi, amma kada a ci tuli yau a bari wata guda. Ƙaho wurin wanzami da cire haƙori sai da sanin likita. Mai juna biyu kuwa yana iya cutar da abin da ke cikinta. Wa zai ce wa tsoho daga Dauran ko Gurbin Ɓore ya riƙa bin hanyar Gusau duk wata, a halin da hanyoyin nan suke na 'yan bindiga?

Sai dai wannan hujja ba asfirin take karewa ba, mahukunta take tuhuma. Tun 2010 aka fara samun sababbin magunguna, dabigatran da rivaroxaban da apixaban, waɗanda ba sa buƙatar gwajin wata-wata, sai duba lafiyar ƙoda jefi-jefi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Tsada ce matsalarsu, tsada kuwa aikin gwamnati ne da tsarin inshorar lafiya. Ga waɗanda ciwon makogwaro na ƙuruciya ya lalata musu ƙofofin zuciya, kuma muna da su har cikin matasa, babban gwajin da aka fitar a 2022 kan mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ya nuna wafarin ya fi rivaroxaban ceton rai. Su kam gwajin INR dole ne, kuma akwai 'yar na'urar hannu da ke yin sa da ɗigon jini daga yatsa, kamar ta masu ciwon suga. Kowane babban asibiti na Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ya kamata ya mallake ta, tare da na'urar ECG mai tabbatar da ciwon.

Kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis ya sayi wafarin. Ba kowane mai AF ke buƙatar magani ba. Likita ne zai duba shekaru, hawan jini, ciwon suga, kumburin zuciya da ko an taɓa samun shanyewa. Kuma sai an danne hawan jini tukuna, don wata shanyewar fashewar jijiya ce, wadda maganin tsinka jini zai ƙara wa muni.

Ma'aikatan lafiya, kafin ku miƙa wa tsoho asfirin, ku riƙe wuyan hannunsa na minti ɗaya. Kai ma mai karatu, yau da dare ka yi wa mahaifinka ko mahaifiyarka haka. In ka ji bugun yana tsalle, yana gudu yana tsayawa ba tsari, ka kai su asibiti ka ce a yi musu ECG.