Shirun Assekrem da Gajiyar 'Yan Ci-rani

Idan Disamba ta zo ƙarshe, motocin masu yawon buɗe ido kan yi jerin gwano daga Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, zuwa tudun Assekrem, tafiyar kilomita kusan 80 cikin duwatsun Hoggar. Sukan kwana cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, a tsayin da ya haura mita 2,700, domin kawai su ga fitowar rana cikin shiru. A kan tudun nan ne Charles de Foucauld, malamin Kirista Bafaranshe, ya gina ɗakin kaɗaici a 1911, shekara shida bayan ya sauka Tamanrasset. An kashe shi a garin ranar 1 ga Disamba 1916, amma har yau mabiya tafarkinsa na zaune kusa da ɗakin suna tarbar baƙi.

A ƙasa kuwa, cikin garin, akwai mu. Hausawan Damagaram, Maraɗi, Tawa, Kano da Katsina suna aikin gini, suna dako, suna ɗinki, suna gasa nama. Har gasasshen naman da garin ya yi suna da shi "mainama" ake kiransa, kalmar da ta fito daga bakinmu. Wasu na biyan kuɗi su hau dutse neman natsuwa, mu kuwa muna gindinsa ba mu ɗaga kai ba. A ganinmu wannan rashi ne babba, kuma ba talauci kaɗai ya jawo shi ba. Mun ɗauki hutu a matsayin ragwanci, mun ɗauki zaman tunani a matsayin ɓata lokaci.

Al'adarmu ba haka ta koyar ba. Manomi kan kammala girbi da kaka, ya cika rumbu, sa'annan hunturu ya same shi a gindin wuta. Lokacin ne na dambe da kokawa, na aurarraki, na tatsuniya da dare, kuma lokacin ne maigida ke auna hatsinsa ya san ko zai kai shi damina. Hutun da lissafin tare suke tafiya. A fannin addini ma mun gaji halwa da i'itikafi, mun san Manzon Allah (SAW) ya riƙa keɓewa a Kogon Hira kafin saukar wahayi, kuma Imam Ghazali ya ware littafi guda cikin Ihya'u a kan yi wa kai hisabi. Ci-rani ne ya haɗiye wannan sarari. Yanzu ana ɗaure damin ƙarshe, sai a ɗaure jaka, a kama hanyar Agadas, Arlit da Assamaka.

Za a ce mana mai neman abin sawa a baki, wanda ba shi da takardun zama, wanda ke kwana da fargabar kame, ina ya ga ta hutu? Maganar tana da nauyi. Sai dai shi ne ya fi kowa buƙatar ya zauna ya yi tunani, domin shawarwarinsa na rai da mutuwa ne: ya zauna ko ya koma, ya zarce arewa ko ya haƙura, ya kira iyalinsa su biyo shi ko ya hana. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, akasari mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Hanyar da ke cin rayuka haka ba a yanke shawara a kanta da gajiyayyen kai. Zafin nema ba ya kawo samu.

Wasu kuma za su ce ƙarshen shekarar Miladiyya ba bikinmu ba ne. Ba biki muke kira ba. Abzinawa da sauran Amazigawa na da tasu sabuwar shekarar, Yennayer, ranar 12 ga Janairu, wadda Aljeriya ta mayar ranar hutu tun 2018, mu ma muna da Muharram. Kowace kalanda mutum ya bi, yana buƙatar wata gaɓa da zai tsaya ya waiwaya.

Ba sai an hau Assekrem ba. Juma'a da Asabar ne hutun mako a Aljeriya. Ɗan ci-rani na iya ware Juma'a ɗaya a ƙarshen shekara, ya kashe waya bayan sallar asuba, ya zauna shi kaɗai har hantsi. Ya lissafa abin da ya samu da abin da ya aika gida, ya tuna bashin da ke kansa da zumuncin da ya yanke, ya saurari abin da jikinsa ke gaya masa, sa'annan ya yi barci har ya ƙoshi. Masu ɗaukar ma'aikata daga cikinmu su ba yaransu wannan rana ba tare da yanke musu lada ba. Mu kuma da ke gida, mu ɗan sassauta kiran "a turo" na mako guda, mu tambayi ɗan'uwa lafiyarsa kafin mu tambayi aljihunsa.

Allah Ya ba masu nema sa'a, Ya maido da matafiya gida lafiya.