Waiwaye: Ribar da Muka Ci Tun Ba Ta Nuna Ba

Daren 31 ga Disamba 2010 sau uku na ƙirga kuɗin akwatin ƙungiyarmu ta manoma a Gangara, tocila a baki, sanyin Damargu yana ratsa zauren. Na haɗa abin da ya shigo, na cire abin da ya fita, sai ga rarar jika 400. Ga maƙwabtanmu na Najeriya, jika ɗaya sefa dubu ke nan. Ni ne magatakarda, don ni kaɗai na yi lakwal har koleji a Tanut, kuma a lokacin gani nake duk wanda ya iya haɗawa da cirewa ya gama ilimin lissafi.

Damina ta yi kyau a shekarar, bayan wahalar da farin 2009 ya jawo. Mun cika magaza da gero da wake, muka yi warantaji: a jingine hatsi lokacin kaka, a karɓi bashi, a rufe ƙofa da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunmu ɗaya a hannun mai ba da bashin, sai bazara idan tiya ta yi tsada a buɗe a sayar a biya. Miliyan biyu muka karɓo farkon Nuwamba daga wani ƙaramin gidan lamuni, muka ƙara sayen gero da su. Uwar kuɗin ban sa ta cikin riba ba, wautata ba ta kai nan ba.

Washegarin daren ƙirgar na sanar da taro. Aka yi kabbara, aka raba jika 200 nan take, tsofaffin mata suna ta sa mini albarka.

Tsakiyar Janairu wani kontabul mai duba lissafi ya iso daga Damagaram, dattijo mai farin gilashi. Ya buɗe kayena, ya yaba rubutuna, sannan ya rufe shi.

"Ɗana, wa ke kwana ƙofar magaza?"

"Mai gadi, Yallaɓai."

"Yaushe rabonsa da albashi?"

Wata biyu ke nan. Mun yi da shi sai an sayar da hatsi. Jika 15 ne a wata.

"To Nuwamba da Disamba ya yi gadin ko bai yi ba?"

Haka ya bi ni tiryan-tiryan. Mai motar da ya kwaso buhuna daga ƙauyuka yana bin mu jika 45, bai ma kawo takardarsa ba. Kuɗin ruwan warantaji kashi biyu cikin ɗari ne a wata, ba za a biya ba sai Mayu, amma wata biyu sun riga sun wuce: jika 80. (Ko ya halatta ko bai halatta ba, muhawarar da ba mu taɓa gamawa ba ce a Gangara, alƙalamin kontabul dai abin da aka sa wa hannu yake rubutawa.) Sai jika 120 da mambobi suka ba da kafin alƙalami na takin damina mai zuwa, ni kuwa na zuba su cikin kuɗin shiga. Nan ya ɗan ɗaga murya. Ya ce wannan ajiya ce, ko ku kawo taki ko ku mayar musu da kuɗinsu, saboda haka bashi ne a kanku. Daga ƙarshe injin niƙa na jika 900: idan shekara biyar zai yi, kowace shekara tana cinye jika 180 daga jikinsa, ko an ga kuɗin sun fita ko ba a gani ba.

Jika 400 ɗina suka koma faɗuwar jika 55, ga kuma 200 mun riga mun cinye.

Wannan aikin shi masu lissafi ke kira gyaran ƙarshen shekara. Kowane kashe kuɗi a ɗora shi kan shekarar da ta ci moriyarsa, kowane samu a bar shi ga shekarar da aka yi aikinsa. A wurinmu abin ya fi tsanani, domin shekarar manomi daga kaka zuwa kaka take, dokar OHADA kuwa, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993 kuma Nijar na cikinta, ta ce littafi ya buɗe 1 ga Janairu ya rufe 31 ga Disamba. Wato ana rufe littafi daidai lokacin da akwati ya fi cika, masu bin bashi kuma duk sun yi shiru suna jiran bazara. Babu watan da ya fi Disamba yaudarar magatakarda a Damargu.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne aikin da muka yi da yamma. Ya sa na ja layi a takarda, na jera basussukan. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi dattijon ba wannan ya dame shi ba. Tambayarsa ɗaya ce kan kowane: na wa ne, kuma yaushe zai ƙwanƙwasa ƙofa? Na mai mota, kowace safiya. Na mai gadi, sai an sayar da hatsi. Na warantaji, Mayu. Na taki, kafin ruwan shuka. Na injin niƙa shekara uku ne, ni kuwa na jefa shi can nesa kamar ba namu ba, alhali jika 300 na farko cikin shekarar nan za su faɗo. Tsarin lissafin OHADA, wanda aka sabunta ya fara aiki 1 ga Janairu 2018, yana ware bashin da aka ci don jari mai daɗewa daban, na harkar yau da kullum daban, na banki mai gajeren wa'adi daban, sannan a takardun bayani a nuna abin da zai faɗo cikin shekara guda. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa ma wata 12 suke yin iyaka da shi. Da muka haɗa na kusa kaɗai, sai na ga idan farashin gero bai tashi sosai ba, magazar duka da ƙyar za ta rufe su.

Limaminmu yana zaune yana saurare. Ya yi murmushi ya ce ai ware bashi ba baƙon abu ba ne: a mazhabar Malikiyya bashi yana rage zakkar kuɗi, amma ba ya kayar da zakkar hatsi ko ta dabbobi. Na ji kunya. Tun ina yaro nake jin wannan a zaure, ban taɓa haɗa shi da kayen da ke hannuna ba.

Kuɗin da aka raba ba su dawo ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Wa zai ce wa tsohuwa ta maido albarkar da ta sa? Shugabanmu ya tara mutane ya ce kuskuren na ƙungiya ne, bai ambaci sunana ba. A watan Mayu aka buɗe kwaɗo biyu, aka sayar da gero, aka biya gidan lamuni. Kason injin kuwa sai da muka sayar da waken da muka so ajiyewa na iri.

Mai gadi ne ƙarshen biya, shi da ya fi kowa buƙata. Ranar da na kai masa kuɗinsa na wata bakwai, ya ƙirga a hankali, ya ɗaure a bakin rawani.

"Malam magatakarda, ashe ina cikin littafin naka?"

Na ce, "Baba, kana ciki tun Janairu."