Tangaran Mai Jure Wuta: Ina Rabon Nijeriya?

Idan aka ce tangaran, kwano da kofin shayi ne ke zuwa zuciyar yawancin jama'a. Amma a masana'antun Jamus, Japan da Amurka ana toya wani irin tangaran daga garin ma'adinai, wanda ke nan daram a zafin da ke narka ƙarfe. Ƙarfe kan narke a wajen digiri 1,500 na ma'aunin Salshiyos, alhali haɗin hafniyam da kabon sai zafi ya kai kusan digiri 3,900. Don haka ake gwada irinsa a maƙogwaron injin roka, danginsa na alumina kuwa da su ake ƙera haƙoran injin yankan ƙarfe.

Yawancin waɗannan haƙora har yanzu da tangsten ake yin su. A watan Fabrairun 2025 ƙasar Sin, wadda ke haƙo kimanin kashi 80 cikin 100 na tangsten ɗin duniya, ta tsaurara sharuɗɗan fitar da shi. Bisa ga dukkan alamu hakan zai ƙara wa na tangaran kasuwa.

Abin takaici, yashin zikon na tsofaffin ramukan kuza a Jos, wanda daga irinsa ake tace hafniyam, ɗanyensa muke sayarwa. Ya kamata mu fara da abin da hannunmu zai kai, wato bulo mai jure wuta, wanda kamfanonin siminti da na narka ƙarfe ke sayowa daga waje da kuɗin musaya. Ga farar ƙasa a Ƙanƙara. Ɗan kasuwar da ya zuba jari a nan yana da masu saye tun kafin ya hura tanda.