Gida da Gona: Dandaƙa ko Dusa, Wanne Ke Sa Nama?

Wani mai karatu daga wajen Roni ya rubuto yana tambaya. Ya ce ya sayi bijimi ɗan shekara uku da kuɗin riɗinsa, yana so ya turke shi wata huɗu ya sayar, domin ya biya wa 'ya'yansa biyu kuɗin makaranta. Maƙwabtansa sun ce masa in bai dandaƙe shi ba, ba zai yi ƙiba ba, abinci kawai zai ci a banza. Yana so ya sani ko gaskiya ne.

Ɗan'uwa, amsata ita ce kada ka taɓa shi. Ka bar shi yadda ka saye shi, kuɗin da za ka ba mai dandaƙa ka ƙara da shi ka sayi dusa. Amma da yake gidaje da yawa a nan Babura da Kazaure da Gwiwa suna ɗaure sa a turke bayan kaka, bari in faɗi dalili, gama maganar maƙwabtan nan tana da ɗan kamshin gaskiya a ciki.

'Ya'yan marainan sa ba domin haihuwa kaɗai suke ba. Akwai wani sinadari da suke zubawa cikin jini, shi ne yake sa wuya ya yi kauri, tozo ya tashi, kafaɗa ta cika da tsoka. In an dandaƙe sa, wannan sinadari ya ƙare. Daga nan abincin da ya ci sai ya fi juyewa kitse maimakon tsoka. Shi ya sa fiɗiyayyen sa yakan yi sumul, jikinsa ya yi laushi, ido ya gan shi ya ce ya yi ƙiba. Ido bai yi ƙarya ba, amma ma'auni yana da tasa magana. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna bijimin da ba a taɓa ba yakan fi fiɗiyayye saurin ƙara nauyi da wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100, a kan abinci iri ɗaya. In an yanka kuwa, jan namansa ya fi yawa.

Dalilin ba shi da wuya. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, kitse kuwa ruwan da ke cikinsa kaɗan ne. Saboda haka kilo ɗaya na kitse yana cin abinci fiye da kilo ɗaya na tsoka nesa ba kusa ba. Mai fiɗiyayyen sa yana sayen dusa da tsada yana mai da ita kitse, mai bijimi kuwa rijiyarsa ma tana taya shi.

To, me ya sa a Amurka, inda ake tara shanu dubbai a garke ɗaya ana ɗura musu masara, kusan dukan mazan fiɗiyayyu ne? Na farko, bijimai ɗari a shinge ɗaya ba su da aiki sai faɗa da hawan juna. Na biyu, kasuwarsu tana biyan kuɗi mai yawa domin nama mai taushi wanda kitse ya ratsa cikinsa. Kuma suna yin dandaƙar tun sa yana ɗan maraƙi, sa'an nan da yawansu su sa masa wani ɗan magani a ƙarƙashin fatar kunne domin ya maye abin da aka cire. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana wannan magani tun ƙarshen shekarun 1980, kuma a Italiya da Faransa da Jamus ana kiwata bijimai matasa da yawa ba tare da dandaƙa ba. Mu nan ba mu da bijimi ɗari a shinge ɗaya. Ɗaya ne ko biyu, kowa da turkensa. Wanda zai saya a kara ta Maigatari ranar Alhamis, ko ta Dambatta ranar Lahadi, girma yake dubawa, da tozo, da cikar cinya. Ban taɓa jin dillali ya rage wa sa kuɗi domin ba a dandaƙe shi ba.

Akwai kuma maganar shekaru. Dandaƙar ɗan maraƙi mai wata biyu ko uku abu ne mai sauƙi, kwana kaɗan ya warke. Sa mai shekara uku fa? Jijiyoyin sun yi kauri, wurin yakan kumbura, ya ƙi cin abinci sosai, ya yi makonni kafin ya komo daidai. Wanda yake da kwana 120 kaɗai, in ya zubar da 20 ko 30 wajen jinya, ina ribar? Balle irin dandaƙar gargajiya da ake kayar da dabba a bubbuge jijiyar da itace. Wannan azaba ce, ba na kuma ganin dalilin da zai sa gidan kirki ya yarda da ita alhali akwai malaman dabbobi masu awartakin nan da ake kira Burdizzo, wanda yake matse jijiya ba tare da yanka fata ba.

Ba cewa nake dandaƙa ba ta da wurinta ba. Shanun huɗa da na amalanke, waɗanda za su yi shekaru ana aiki da su, yara suna jan su zuwa gona, hankalinsu ya fi kwanciya in an yi musu. Haka kuma maraƙin da ba a so ya yi barbara a garke. Amma a yi da wuri, a hannun wanda ya iya. In kuwa bijimin turke ya cika tunkuyi har uwargida da yara ba su iya kai masa ruwa, shawarata a sayar da shi a sayi mai sanyin hali. Dandaƙa a wannan shekaru ba lalle ta canja masa halin da ya riga ya koya ba.

Yanzu ga inda naman yake fitowa, wato abinci. Ni malamin makaranta ne, sai ku yi haƙuri da ɗan lissafi. A ce ka sayi sa ramamme mai kilo 300. In aka yanka shi a ranar, aka fitar da kai da ƙafafu da fata da kayan ciki, abin da zai rage, nama da ƙashi, bai cika kai rabi ba. Mu ce kashi 48, kilo 144 ke nan. In ka ciyar da shi kwana 100 yana ƙara giram 800 kowace rana, ya zama kilo 380. Amma yanzu ba kashi 48 zai ba da ba, gama kai da ƙafa da ƙashi ba su ƙaru sosai ba, jiki ne ya cika. Mu ce 53, wato wajen kilo 201. Ka ga daga kilo 80 da ya ƙara, 57 sun tafi wurin da mahauci yake biyan kuɗi. Misali ne na kawo, ba alkawari ba, amma haka abin yake tafiya. Shi ya sa sa mai babban ƙashi wanda yunwar rani ta ramar, in lafiyarsa lau, ya fi wanda ya riga ya yi ƙiba riba a turke: da ya sami abinci sai jikinsa ya yi ta rama abin da ya rasa.

Sa mai kilo 300 yana bukatar busasshen abinci kilo 8 zuwa 9 a yini. Kara da busasshiyar ciyawa cika ciki kawai suke yi. Dabbar da aka bari a kansu da rani sai dai ta rame. Abin da ke gina tsoka shi ne harawar wake da ta gyaɗa, da ƙowa, da tunkuza ko angurya, da 'ya'yan gawo in akwai. Dusar gero da ta dawa da ta masara su ke ba da ƙarfi. Kamar kilo 5 na harawa da karmami, da kilo 3 na dusa haɗe da ɗan abin da aka matse mai daga cikinsa, a raba safe da yamma, ga gishiri ko kanwa kaɗan. Ka lissafa da kanka: kilo 300 na dusa ke nan a kwana 100. Wanda bai tanadi wannan tun da kaka ba, sa'ad da harawa take da araha, zai saye ta a watan Maris da kuɗin da zai cinye ribar duka. Ko manyan wurare da haka suka yi: gonar kiwon shanu ta Mokwa, wadda aka kafa a shekarun 1960, ta dogara ne ga baƙin maɗin da ke ragowa a masana'antar sukari ta Bacita, domin shi ne mai araha a kusa da ita. Namu mai araha harawa ce.

Abu biyu ke kashe sa a turke, na kuwa ga dukansu a garin nan. Ɗaya shi ne zumuɗi. Dabbar da ta saba da ciyawar daji, in aka cika mata kwano da dusa ko tsaba ran farko, tumbinta yakan yi tsami, ciki ya kumbura, ta yi zawo, wani lokaci kafin gari ya waye ta mutu. A fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa har mako biyu, kuma kullum harawa ta riga dusa shiga ciki. Na biyu leda. Sa yana haɗiye ta, ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi, ka yi ta ba shi abinci yana ramewa. A share wurin turke kowace safiya.

Kafin ka fara ciyarwa, ɗan'uwa na Roni, kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki da na hanta, ya duba kaska. Ka yi masa rumfa, gama zafin Afrilu yana hana dabba ci. Ruwa kuwa kada ya gaza lita 30 zuwa 40 a yini, fiye da haka ma in zafi ya tsananta. Sa'an nan ka sami igiya ka auna ƙirjinsa, daidai bayan ƙafafun gaba, ka ƙulla alama, ka sake aunawa kowane mako biyu. Ran da ka auna sau biyu a jere igiyar ba ta matsa ba alhali yana ci yana sha, ya gama abin da zai yi. Kai shi kasuwa a makon nan, ko da wata huɗun bai cika ba.