"Ba Ka da Shi": Gyara a Lafazin Sakamakon Gwajin Ƙanjamau

Kuskure ne a ce wa masunci daga Ngaski ko Shanga "ba ka da shi" alhali mako guda ke nan da saduwar da ta kawo shi gwaji Yelwa. Gwajin ɗigon jini martanin garkuwar jiki yake nema, shi kuwa yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ya bayyana. Don haka, komai ƙarancin haɗarin, tabbaci sai an maimaita bayan wata uku. Wajibi ne masana Hausa su raɗa wa wannan tazara suna. Shawarata ita ce "lokacin ɓuya". Kafin nan, a riƙa cewa "ba a gani ba tukuna", domin natsuwar ƙarya iyali take cutarwa.