RA'AYINMU: Makantar Da Muke Jawo Wa Kanmu

Duk wanda ya fito daga masallacin Juma'a a garuruwanmu ya san abin da zai tarar a bakin ƙofa: makafi a jere, kowanne da ɗan jagora riƙe da sanda. Mun saba da ganin haka har ya daina damun mu. Sai mu jefa sadaka a ƙoƙo, mu ce ƙaddara ce, mu wuce. Shi kuwa yaron da ke jan sandar, wanda ya kamata a ce yana makaranta, babu mai tambayar makomarsa.

Babu Musulmin da zai musanta ƙaddara. Amma wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin kowane mutum 100 da suka kai shekara 40 zuwa sama, fiye da 4 makafi ne, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Binciken ya ƙara da cewa kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar. Ashe ke nan mafi yawan abin da muke jingina wa ƙaddara, sakaci ne da rashin sani. Gani amana ne da za a tambaye mu a kansa, kuma tsaron amana a gida yake farawa.

Abu na farko shi ne tsabta. Amosanin ido, wanda ƙarshensa gashin ido ya lanƙwashe ciki yana gogar ƙwayar har ta yi fari, daga kwantsa da majinar yara yake yaɗuwa, ta hannu, da tsumma, da ƙuda. Mu manya muna wanke fuska sau da yawa a yini saboda alwala, amma ƙananan yaranmu, waɗanda su ne cutar ta fi kamawa, sai su wuni ƙuda na bin idanunsu. A wanke fuskar yaro da sabulu safe da yamma. A haƙa masai, a rufe shi, domin a bayan gidan da aka bari a fili irin wannan ƙudan yake hayayyafa. A daina share fuskokin yara biyar da bakin zane ɗaya. Da irin waɗannan matakai, haɗe da magani da aikin likita, ƙasar Ghana ta kawar da wannan cuta a 2018. Me zai hana mu?

Na biyu shi ne cima. Dundumi, wato yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi, alama ce ta ƙarancin sinadarin bitamin A. Maganinsa kuwa yana cikin tukwanenmu da kasuwanninmu: zogale, alayyahu, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, manja, ƙwai da hanta. Ƙyanda tana ƙone ɗan abin da ya rage na wannan sinadari a jikin yaro, shi ya sa da yawan masu hakiya tun ƙuruciya bayan ƙyanda suka same ta. Uban da ya hana a yi wa ɗansa allurar ƙyanda yana wata 9, ya san da idon ɗansa yake caca.

Na uku, kuma nan ne ɓarnar ta fi yawa, shi ne abin da muke ɗiga wa ido. Da zarar afolo ta shigo gari, sai kowa ya zama likita. Wannan ya ce fitsari, wancan ya ce ruwan batir, wata ta ce nonon uwa ko ruwan sukari. Alhali afolo kan warke da kanta cikin mako ɗaya ko biyu, fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana iya huda ido cikin 'yan kwanaki. Haka nan magungunan ɗigawa da ake saye barkatai a kemis. Wasunsu suna kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe a kansu sai su haifar da yana ko hawan jinin ido. Ko kwalli ma, wanda asalinsa sunna ce, yana buƙatar lura. Da yawan wanda ake sayarwa a kasuwa dutse ne mai ɗauke da dalma, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar jariri. A nisantar da shi daga yara, kuma kada gida guda ya riƙa amfani da tsinke ɗaya.

Na huɗu, a kare ido a wurin sana'a. Mai walda, da maƙeri, da mai fasa dutse, da mai feshin gona, tabarau ɗin kariya bai kai kuɗin abincin mako ba. In wani sinadari ya fantsama a ido, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na kamar minti 20, sannan a garzaya asibiti. Masu wuni a kan waya da kwamfuta kuma su riƙa ɗaga kai bayan kowane minti 20 suna duban nesa, yara kuma a bar su su yi wasa a waje da rana.

Na biyar shi ne awo tun ido bai yi ciwo ba. Hawan jinin ido ba ya zafi. A hankali yake cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Wanda ya kai shekara 40, musamman in akwai makanta a dangi, ya je a auna shi ko da bayan shekara biyu-biyu ne, mai ciwon sukari kuwa duk shekara. Ita yana, wadda ita ce kan gaba wajen makantar da dattawanmu, aikinta ɗan lokaci kaɗan ne a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sauran asibitocin ido. Abin takaici, har yau ana miƙa tsofaffi ga masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinke suna tura yanar cikin ido, mafi yawan idanun da aka yi wa haka kuwa ba su ƙara gani sosai.

Don haka muna kira ga limamai da su shigar da wannan batu cikin huɗubobinsu, malaman Islamiyya su riƙa lura da ɗalibin da ke manna fuska a kan allo, mawadata su ɗauki nauyin aikin idon talakawa, hukuma kuma ta kai ma'aikatan ido karkara. Sadakar da muke jefawa a ƙoƙon makaho alheri ce, amma wadda za ta hana a miƙa wa yaro sandar jagora ta fi ta.

Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.