Wa Zai Ɗauki Hoton Badala Kafin Ta Ƙare?

Ya ku 'yan uwa matasa, yau kusan kowannenmu na yawo da kyamara a aljihu. To amma me muke ɗauka? Fuskokinmu da ɗinkin Sallah!

A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano da sunan faɗaɗa titi. Wanda bai ga ta asalin ba, sai dai ya nemi hoto, in ya samu. Badala kuwa ruwa na ci, masu ɗibar ƙasa na ci, masu gini na ci.

Da yawan tsofaffin hotunan birnin, Turawan da suka ci Kano a 1903 ne suka ɗauka. Abin da suka ga dama shi suka nuna, suka kwashe zuwa Ingila. Haka za mu sake zuba ido?

Ku fita marinar Ƙofar Mata, ku shiga wajen dukawan Kurmi, ku rubuta rana da wuri. Amma a nemi izini tukuna. Dattijo ba abin kallo ba ne, kuma watsa hoton almajiri cikin tsumma don neman yabo a Facebook, wallahi cin mutunci ne.

Ku riƙa wanke wasu a takarda, domin waya na ɓata.